Ƙwallon Biyan Hayaƙi a Gonar Inna Batula

Ku gyara zama ku ji na Ɗan'iya, mutumin Jabo, wanda ya tashi gyara sararin samaniya da ƙwallon ƙafa.

Ɗan'iya ba mugu ba ne, Allah ya sani. Mai facin taya ne a bakin tasha, kuma facinsa yana riƙewa. Sai dai kafin ya liƙe maka huji ɗaya sai ya ba ka labarin yadda ya kusa zama golan jihar Sakkwato, ba don takalminsa ya tsinke ranar gwaji ba. Yanzu ya ba arba'in baya, tumbi ya yi gaba abinsa, amma ko kaza ce ta gifta ta gabansa sai ya ɗan durƙusa ya ware hannuwa, ya ce da ƙwallo ce da tuni ya cafe.

Wata safiya a tsakiyar bazara, zafi tun hantsi kamar an buɗe tanda, yana zaune a teburin Sambo mai shayi sai rediyo ta kawo wani shiri. Wai a manyan ƙasashe in za a yi gasar wasa, jirage da motoci ke kwaso 'yan kallo, hayaƙinsu ya hau sama ya ƙara wa duniya zafi, ruwan sama ya rikice. Saboda haka masu shirya gasar sukan ware wani abu su ba manoma, a dasa itatuwa, a gyara ƙasar da ta gaji. Biyan hayaƙi ke nan.

Ɗan'iya ya dangwarar da kofi. "Kun ji ko? Abin da nika faɗi tun bara ke nan."

"Yaushe ka faɗi?" in ji Sambo.

"A zuci. Ba kowace magana aka faɗi ma mai shayi ba."

"To ka biya shayin a fili, kar ka biya a zuci."

Mutane suka kwashe da dariya, shi ko a jikinsa. Ya miƙe tsaye, ya ce daga yau shi ne shugaban kwamitin wasanni da gyaran yanayi na Jabo da kewaye, kuma kafin ruwa ya sauka za a buga wasan da ba a taɓa gani ba a ƙasar Tambuwal. Jabo za ta kara da Fakku ta ƙasar Kebbe, abin da aka samu a zuba shi a gona.

Wani ya ce, "Mi ya kai ka Fakku, ga Dogon Daji nan kusa?"

"Shi ya sa ba ku ci gaba," in ji Ɗan'iya. "Dogon Daji kusa ta, ba su yin hayaƙin kirki kafin su iso. Mi za a biya? Mutanen Fakku kuwa kafin baburansu su kawo nan sun turnuƙe rabin jiha."

Kun ga irin hankalin. Amma mu mutanen Jabo sai muka gyaɗa kai, muka ce ai maganarsa da ƙamshin gaskiya.

Matsala ta fari fili. Filin makaranta an jibge bulo da yashi za a ƙara aji. Duk garin kuwa babu shimfiɗaɗɗen wuri kamar faranti sai gonar Inna Batula da ke bakin hanya. Inna Batula yayar mahaifiyarsa ce, ita ta goye shi bayan uwar ta rasu. Mijinta ya daɗe da komawa ga Allah, gonar nan ita ce tuwonta ita ce miyarta. Ƙasar ta gaji, geron bara bai kai ta ƙarshen rani ba. Abin da take fariya da shi kawai 'yan samarin gawo ne guda fuɗu da ta bari suka tashi a cikin gonar, tana kewaye su da ƙaya shekara da shekaru, domin a gindin gawo gero yakan yi kai ko ƙasa ta mutu.

Ɗan'iya ya same ta tana surfe, ya tsuguna ya gaishe ta har sau uku.

"Faɗi abin da ke tafe da kai," ta ce. "Gaisuwarka ta yi yawa."

Ya faɗa mata. Ta ajiye taɓarya.

"Gonar da nika ci da ita za ka tara ma ƙattai su daɓe?"

"Inna, aro ne na yini guda. Taki za a kawo miki har sai kin ce a bari. Bana sai kin gina sabon rumbu."

"Ɗan'iya, ni na goye ka. Na san ƙaryarka tun ba ta yi haƙora ba."

"Wagga ba ƙarya ba ta, Inna. Ilimi ne. Rediyo ta faɗi."

Ta daɗe tana kallonsa. Tsohuwa da ɗan da ta goya, ai kun sani. Ta ce, "Ruwan fari na sauka nika shuka. In na iske gonata ta fi yadda na ba ka, Allah shi yi maka albarka. In ba haka ba, ni da kai ne. Kuma gawona, ko ganye kar a taɓa."

"Ko inuwarsu ba mai takawa," in ji Ɗan'iya.

Washegari ya tara samarin gari a gonar. Ya ce su tsince kara, su zuba layi da toka, su samo turaku miƙaƙƙu guda fuɗu a wuri mafi kusa su kafa raga. Maganar gawo tana bakinsa, sai ya tuna bai ba su labarin gwajin Sakkwato ba, ya ba su, ya hau babur ya nufi Tambuwal neman wanda zai ɗauki nauyi.

Wanda ya nufa shi ne Alhaji Ɗangiwa, dillalin hatsi, mai tsofaffin motocin kaya da in sun tashi sai an rufe fura. Ya iske shi a ƙofar sito, waya a wannan kunne, waya a wancan hannu.

"Ranka shi daɗe, motocinka sun cuci sama."

Alhaji ya sauke waya. "Sun yi mi?"

"Hayaƙi, ranka shi daɗe. Shi ka hana ruwa. Amma kar ka damu, na zo in wanke ka."

Ya shiga bayani, daga jirgin sama ya koma taki, daga taki ya koma golan jiha. Wayar Alhaji ta yi ƙara ta katse, ta sake yi. Da dai Alhaji ya ga mutumin nan ba ya da niyyar tsayawa, sai ya ɗaga hannu.

"To, to, na ji. Wanda yac ci, a ba shi amalanken taki. Ni zan kawo da kaina. Sai anjima."

Alhaji wasa yake nufi, wanda ya ci wasa, amalanke guda, shi ke nan. Amma Ɗan'iya bai tsaya tambaya ba. A kan hanya iska na kaɗa masa riga yana maimaita maganar, kafin ya kai Jabo amalanken ya haihu. Da ya sauka a tasha abin da ya shelanta shi ne, duk ƙwallon da aka ci, amalanken taki guda, ko an ci ɗari Alhaji ya ce a zo a ɗiba.

Daga nan ya wuce gona ya ga aiki. Layi ya yi kyau, fili fes. Turaku fuɗu sun tsaya cak, biyu gabas biyu yamma, miƙaƙƙu, har da ɗanyen ganye a kansu. Ya juya tsakiyar gona, sai kututture fuɗu suna kallonsa.

"Wa yac ce ku sare gawon Inna?"

"Kai ka ce mafi kusa," in ji samarin.

Ɗan'iya ya cire hula ya share zufa, ya mayar. Ya zagaya turke ɗaya, ya shafa ganyen. Can ya ce, "Ba laifi. Ku zuba musu ruwa."

A gida ya iske matarsa Hinde tana ƙara wa rigar golansa ƙyalle a gefe da gefe, don rigar ta ƙi wuce ƙirji. Ya shige ɗaki, ya fito rungume da wani abu fari.

"Baban Raliya, ina za ka da gidan saurona?"

"Raga za a yi. Tarihi zai rubuta sunanki."

"Tarihin zai zo shi kore man sauro?"

"Kwana guda ne, Hinde. Wace irin mata ce ba ta sadaukarwa don duniya?"

"Irin wadda aka cizo," ta ce. Amma ya riga ya kai zaure. Ɗaya ragar kuwa gidan sauron maƙwabciya ya aro, ya ce mata Hinde ce ta aiko shi.

Ranar wasa bayan la'asar Jabo ta tashi kaf. Mata a gefe guda da kujerunmu, maza sun yi da'ira, masu tsire da masu ƙanƙara sun kasa kaya. Mutanen Fakku suka iso a babura da wata tsohuwar motar kaya, kyaftin ɗinsu Bube a gaba, dogo siriri, manomi ne da ba ya son yawan magana. Suna kashe babura Ɗan'iya ya ruga.

"Kar ku kashe! Ku bar su a kunne. In Alhaji ya zo bai ga hayaƙi ba, mi zai biya?"

Aka bar babura suna ruri. Janaretan lasifika ma yana ta tari yana fesa nasa. Kafin a jima kowa idonsa ya yi ja, Ɗan'iya kuwa yana shaƙa yana murmushi kamar turaren wuta aka sa masa.

Ana nan sai ga Inna Batula da sandarta. Ta tsaya a bakin gona. Ta dubi tsakiya, ta dubi gabas, ta dubi yamma.

"Ɗan'iya. Ina gawona?"

"Ga su nan, Inna, lafiya lau. Ba a sare su ba, matsar da su anka yi. Dubi ganye."

 Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna, ta gicciya sanda a cinya. Duk wanda ya san Inna Batula ya san gara ta zage ka da ta yi irin wannan zama.

Alƙalin wasa Malam Gazali ne, malamin firamare, mutum mai son ƙa'ida, ko alli zai karya sai ya auna. Ya busa usur aka fara. Ɗan'iya ya shiga raga da abin magana a hannu, wayarsa na jan ƙasa, domin shi ne gola, shi ne shugaba, shi ne kuma mai sharhi.

"Jama'a, muna maraba da manyan baƙi na nesa da na kusa, musamman..."

Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa ta faɗa gidan sauron Hinde.

"Ba a ba ni sanarwa ba!" ya ce a lasifika. "Ina cikin jawabi!"

Aka mayar tsakiya. Wannan karon ya ajiye abin magana, ya tofa yawu a tafi, ya ware ƙafafu sosai irin na golan jiha. Bube ya zo ya ɗan tura ta a hankali, kamar mai miƙa wa yaro ƙwai. Ta bi ta tsakanin ƙafafun ta wuce.

Wayyo, ranar Jabo ta ga abin kunya. Yara suka fara waƙar golan jiha, golan jiha. Sambo ya kewaye baki da hannu ya ce, "Yau ma takalmin ne ya tsinke?" Hinde ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ɗan'iya ya ji kunya ta hau masa har wuya. Mutum irinsa kuwa in kunya ta kama shi ba shiru yake yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki abin magana.

"Jama'ar Jabo, ku saurara! Kuna zaton ba ni iya kamawa? Da gangan nika bari! Biyan hayaƙi, wa aka biya? Wanda anka cuta. A ƙwallo wa anka cuta? Wanda anka ci! Taki na garin da anka ci ne. Yanzu haka Jabo na da amalanke biyu!"

 Sambo ya ce, "Kai da ka ce duk wanda yac ci?"

"Sirri ne, Sambo," in ji Ɗan'iya, lasifika na kai muryarsa har bakin kasuwa. "Don kar mutanen Fakku su sani."

Sai gari ya ɓarke da sowa. Mata muka rangaɗa guɗa, har da masu furfura, ba wadda ta tsaya ta yi tunani. Waɗanda suka gama yi masa waƙar tsiya suka koma kirari. Wani tsoho ya ce shi dama tun yaron nan na rarrafe ya ga alamar shugabanci a goshinsa.

Bube dai yana tsakiyar fili, hannu a ƙugu. Shi ma gonarsa ta gaji, shi ma taki yake nema. Ya kira yaransa suka haɗa kai, suka watse.

Malam Gazali ya busa. Ɗan wasan Jabo ya take ƙwallo, ya juya baya, ya nufi ragar garinsu a guje. 'Yan Fakku suka bi shi suka tare. Bube ya ƙwace, shi ma ya juya ya miƙe sai ragarsu. Golan Fakku ya matsa gefe, ya ɗan rusuna, ya nuna masa hanya da hannu.

"Bismilla, kyaftin."

Ta shiga. Mutanen Fakku suka hau tsalle suna rungumar juna an ci su.

Malam Gazali ya sa usur a baki, ya cire, ya sake sawa. "Wannan ba ya cikin ƙa'ida," ya ce.

"An hana?" in ji Bube.

"Ba a hana ba. Ba a dai taɓa zaton za a samu masu yi ba."

Daga nan wasa ya juye kamar riga. 'Yan Jabo na kai hari ragar Jabo, 'yan Fakku sun zo sun tsaya suna kare ta da ƙirji. 'Yan Fakku na kai hari tasu ragar, samarinmu na zubewa a ƙasa suna tarewa. In ƙwallo ta fita, kowa ya rantse shi ya fitar. Wani ɗan Jabo ya kama ta da hannu a gaban ragarsu ya ce a ba Fakku fenareti, 'yan Fakku suka ce wallahi ba su ga hannu ba.

Aikin Ɗan'iya yanzu ɗaya ne, ya bari ta shiga. Abin da ya fi kowa iyawa a duniya. To a nan ne Allah ya nuna ikonsa.

Ɗan Jabo ya ɗirko ta, Ɗan'iya ya yi tsalle hagu don ya kauce, ita ma ta karkata hagu, ta daki tumbi ta koma. Aka sake bugowa, ya kwanta rub da ciki ya rufe kai, ta daki mazaunai ta yi sama. Ya tashi ya ruga zai bar ragar gaba ɗaya, wayar lasifika ta harɗe masa ƙafa, ya tafi a miƙe kamar kifi, ƙwallo ta zo ta zauna a hannunsa daram. Tun da aka haife shi bai taɓa kamu irin wannan ba.

Mutanen Fakku suka ɗauki waƙa, "Golan jiha! Golan jiha!"

Mutanen Jabo kuwa kamar su cinye shi. "Matsa, Ɗan'iya! Taki kaka hana mu!"

"Ina matsawa! Ita ka bi na!"

"Wa yac ce ka iya yau?"

A can ɗaya gefen Bube ya samu hanya yana ta zuba wa ragarsu, golansu har ya zauna yana shan ƙanƙara. Sambo ya ga amalanke na tafiya Fakku ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe hula ya yi kururuwa, "A fid da shi!" Ƙattai suka shiga fili suka ɗauki Ɗan'iya cak, ƙafa da hannu, suka kai shi bakin gona suka shimfiɗe. Sambo ya hau ƙirjinsa ya zauna don kar ya koma ya sake kamawa.

Raga ta zama ba mai tsaro, sai Jabo ta nuna bajinta. Awakin gari ma suka taimaka, don tun ɗazu suke miƙe wuya suna cin ganyen turaku, har suka ture guda ya faɗi, raga ta ƙara faɗi. Samarinmu suka yi ta zubawa, na hagu na dama, har wani da kai. Duk wadda ta shiga sai guɗa. Gidan sauron Hinde ya yage biyu. Ƙafafu kuwa suna ta daka gonar Inna Batula, 'yan wasa da 'yan kallo da masu rawa, ita tana zaune ba ta ko motsa ba.

Rana ta yi sanyi sai ga motar Alhaji Ɗangiwa, a bayanta bijimai biyu na jan amalanke guda, an tula masa taki. Malam Gazali ya samu dalili ya busa tashi. Sambo ya ɗaga, Ɗan'iya ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya taryi Alhaji da abin magana.

"Ranka shi daɗe, sannu da zuwa. Sauran na tafe?"

Alhaji yana tari yana kore hayaƙi da hannun riga. "Wane saura? Kai, ku kashe baburan ga, za ku kashe mutane."

"Sauran amalanken. Duk ci guda..."

"Wanda yac ci wasa nic ce. Amalanke guda. Ga shi nan. To, wa yac ci?"

Jabo ba ta gama fahimta ba. Baki ɗaya, da alfahari, har da ɗaga hannu, muka amsa, "Mu anka ci!"

"Madalla," in ji Alhaji. "Kun hutar da ni gardama. Malam, haka ne?"

Malam Gazali ya gyara tabarau. "Haka ne, Alhaji. Fakku ta yi nasara da rata mai yawa. Ya kamata in ƙara da cewa Jabo ce ke gaba har lokacin da aka ɗauke golanta."

Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Sambo ya sunkuya yana neman hularsa, alhali tana hannunsa.

Ɗan'iya ya kai abin magana baki. "Jama'a, abin da ya faru shi ne, a ƙasashen waje..." Janareta ya yi tari biyu ya mutu. Bakinsa ya ci gaba da motsi, ba mai ji.

'Yan Fakku suka juye takin a motarsu suka hau kansa suna waƙa. Bube ne kawai ya tsaya, ya cika kwando guda ya kawo gaban Inna Batula ya tsuguna.

"Inna, ga wanga. Na ƙafafunmu ne."

"Allah shi yi maka albarka, ɗan mutane," ta ce.

Sannan ta miƙe. Ta taka a hankali har tsakiyar gona, mutane na buɗa mata hanya. Ta ɗaga sanda ta buga ƙasa, ƙasa ta amsa ƙwal kamar siminti. Ta taɓa kututturen gawo da ƙafa. Ta juyo wajen Malam Gazali.

"Malam, ara man abin busar ga."

Ya cire daga wuya ya miƙa mata da hannu biyu. Ta busa, tsohuwa da numfashi, har bijimai suka zabura.

"Ba a tashi wasa ba," ta ce. "Ɗan'iya, gobe da sassafe. Ka zo da diga."

"Inna, ai akwai kwamiti..."

Ta sake busawa. Ɗan'iya ya ajiye abin magana.

Gari na wayewa yana gona, da rigar golan, don Hinde ta kulle sauran kayansa a akwati ta ce sai ranar da gidan sauronta ya dawo. Inna Batula ta sa aka aje mata kujera a bakin hanya, ta yafa zane a ka tun da babu sauran inuwa. Ta ce ya fasa ƙasar layi-layi, ya haƙa ƙananan ramuka da za su riƙe ruwa, kowane rami a jefa masa taki cikin tafi daga kwandon Bube, in ya ƙare ya bi turken awakin gari ya roƙo. Kututturen gawo kuma ya kewaye su da ƙaya ya shayar da su safe da yamma ko Allah zai sa su tofo. Da ya ɗaga baya ya dafa ƙugu, sai usur. Da ya buɗe baki zai yi wa mai wucewa bayani, sai usur.

Duk da haka sai da ya samu ya raɗa wa wata mai tallan fura cewa motsa jiki yake yi, za a yi wasan ramuwa a Fakku.

Kwanaki suka tafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma, rabin gonar bai fasu ba. Tafin Ɗan'iya ya yi kanta, tumbin ya ɗan ja baya. Inna Batula takan dubi hadarin, ta dubi abin da ya rage, ta tura masa ƙwaryar fura ba tare da ta kalle shi ba.

Ranar nan da hantsi sai ga Sambo a kan babur zai je sayo madara. Ya ga Ɗan'iya a duƙe, ya kasa wucewa. Ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, yana dariya tun kafin ya yi magana.

"Inna, ina kwana? Nawa da nawa?"

"Har yanzu gona ka cin shi," in ji Inna Batula.

Sambo ya ƙyalƙyale har da buga tankin babur. Tana barinsa ya gama, ta kai usur baki ta busa mai tsawo, ta nuna shi da sanda.

"Sauko. Canjin ɗan wasa za a yi. Kai ka zauna mai bisa ƙirji ran nan, ina kallo. Ɗan'iya, miƙa mai diga."